Yadda ake haɗa sinta ta jita da akwatin ifet na ƙafa don wasa a gaban jama'a

Mai kaɗa jita a kan dandamali hannayensa biyu a cike suke. Ƙafa ɗaya yana tsaye a kanta, ɗayar ce kaɗai ta rage masa ta taka makunni. Idan ya ajiye na'urori biyu a gabansa, wato sinta mai ba shi muryar fiyano, ogan, sarewa da bushe-bushen badujala, da kuma akwatin ifet mai gyara muryar jitar kanta, dole haɗin ya zama wanda taku ɗaya zai juya su duka. Hanyar samun haka biyu ce a haɗe: a naɗa akwati ɗaya shugaba, ɗayan ya bi umarni, sannan a raba wa muryar jita da muryar sinta hanya, kada su gamu sai can kusa da ƙarshe. Kusan duk matsalar da ake gani a wajen wasa daga karya ɗaya cikin waɗannan biyun take fitowa.

Za mu ɗauki Roland GR-55 a matsayin misali, wadda ta fito a 2011 kuma har yanzu tana yawo a kasuwar kayan kiɗa na hannu, tare da akwatin ƙafa irin Boss GT-1000 ko Line 6 Helix. Wanda yake da GT-100 ko Helix LT ko HX Stomp zai bi kusan hanya ɗaya, sai dai sunayen da ke kan allo da wasu abubuwa za su ɗan bambanta. Kalmar faci da za ta riƙa maimaituwa ba ta tayar keke ba ce. Tarin saiti ne da aka adana ƙarƙashin lamba ɗaya.

A fara da fikof, kafin a taɓa kowace waya

GR-55 ba ta sauraron fikof ɗin jita na yau da kullum, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi mai mayar da girgizarsu siginar lantarki, domin ta gane sautin da ka kaɗa. Tana buƙatar fikof mai kai shida, GK-3, wanda ke ɗaukar kowace tsirkiya daban, ya aika ta wata waya mai fil 13. A cikin wayar nan akwai siginar tsirkiyoyi shida, siginar fikof na asali, maɓallin ƙara, makunnan S1 da S2, da wutar da fikof ɗin yake ci. Da maganaɗisu yake aiki, don haka tsirkiyar ƙarfe yake ji. Jita mai tsirkiyar leda ba za ta yi da shi ba.

Wurin zamansa shi ne dab da gadar da tsirkiyoyi ke hawa, abin da masu gurmi da molo ke kira jaki. Kada tazarar ta wuce milimita 20. Dalili kuwa, a kusa da jaki tsirkiya ba ta kai-kawo da faɗi, saboda haka motsin wannan ba ya shiga kan fikof ɗin maƙwabciyarta. Tsayi kuma: danna tsirkiya a firet na ƙarshe, wato na ƙarshen ƙarafunan da aka gitta a wuyan jita, ka bar kimanin milimita 1 tsakaninta da kan fikof. Ka duba tsirkiya ta farko da ta shida, sannan ka daidaita lanƙwasar fikof ɗin da 'yar ƙusar da ke tsakiyarsa har na tsakiya su ma su zo daidai. Idan ya yi nisa, sai ka daki tsirkiya da ƙarfi kafin sinta ta amsa. Idan ya yi kusa, tsirkiya za ta riƙa taɓa shi a manyan firet, sinta ta riƙa furta sautukan da ba ka kaɗa ba.

Ana manna shi da tef mai danƙo fuska biyu, ko a ɗaure da ƙusoshi. Tef yana raga wa fentin jita, amma a zafin bazara danƙonsa yana saki, fikof ya ɗaga ko ya karkace ba tare da ka lura ba. Jitar da za ta riƙa kwana a bayan mota tana zuwa wajen biki, gara a ɗaure mata shi.

Daga nan sai saitin GK a cikin sinta. Zaɓi nau'in fikof, GK-3. Shigar da tsawon tsirkiya daga goro, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a can saman wuyan jita, zuwa jaki, milimita 648 ga jita irin Stratocaster, 628 ga irin Les Paul. Auna tazarar kowane kai daga jaki da rula ka shigar da ita. Sai ƙarfin ji na kowace tsirkiya: kaɗa ta da iyakar ƙarfin da kake kaɗawa a wasa, ka ƙara lamba har ma'aunin ya kusa cika, ka tsaya. Mutane da yawa suna yin wannan a zaune a ɗaki da hannu mai sanyi, su hau dandamali jini ya ɗauka, hannu ya yi nauyi, komai ya riƙa fita da ƙarfi ɗaya. A yi shi a tsaye, da maratayi a kafaɗa, da irin filastik ɗin kaɗa tsirkiya da za a yi wasan da shi.

Akwai jinkirin da babu saitin da zai kawar da shi. Kafin na'ura ta san wane sauti ne, sai ta ji tsirkiya ta kammala zagaye aƙalla ɗaya. Tsirkiyar E mai kauri tana girgiza sau 82 a daƙiƙa, zagayenta ɗaya kusan milisakan 12 ke nan. Siririyar E tana yin kusan 330, zagayenta milisakan 3. Shi ya sa muryar fiyano ko bas take jan ƙafa a tsirkiyoyi masu kauri. Dabarar da ake yi ita ce a kaɗa layin a tsirkiyoyi sirara, a sa sinta ta sauke shi da okteb ɗaya ko biyu (sauke okteb ɗaya shi ne raba saurin girgizar sauti gida biyu). Muryoyin da GR-55 ke ƙerawa kai tsaye daga girgizar tsirkiya, waɗanda take kira MODELING, ba su da wannan jinkirin, don ba sa jiran a tantance sauti. Muryoyin PCM, wato na kayan kiɗa irin fiyano da goge da aka naɗa aka adana a cikinta, su ne suke jira.

Hanyar da sauti zai bi

Kuskuren farko da kusan kowa ke yi shi ne ya ɗauki waya daga OUTPUT na sinta ya cusa a INPUT na akwatin ifet, kamar yadda ake jera ƙananan feda. Sauti zai fito, amma duk abin da aka tanada don jita zai hau kan sinta: distoshan, ifet ɗin da ke sa muryar jita kaushi, zai murƙushe fiyano, kwaikwayon sifikar amfilifaya zai yanke mata sama da ƙasa, sitiriyo ya koma hanya ɗaya. Sifikar jita mai inci 12 ba ta fitar da abin kirki sama da Hz 5,000, kuma da gangan kwaikwayonta yake yin haka. Abin da ke sa jita ta yi zaƙi shi ke sa goge da sarewa su yi kamar ana busa su cikin tulu.

Ga yadda ya kamata. Gajeriyar wayar da ta zo da GK-3 ta tashi daga ramin jita ta shiga ɗan akwatin GK da ke jikin jitar. Waya mai fil 13 ta tafi GK IN na sinta. Daga ramin GUITAR OUT na sinta, wayar jita ta yau da kullum ta tafi INPUT na akwatin ifet. A cikin saitin SYSTEM, ka sa tushen GUITAR OUT ya zama NORMAL PU, domin ko wane faci aka kira, tsurar muryar jita ce za ta riƙa fita ta nan. Makunnin da ke jikin GK-3 mai matsayi uku a bar shi a MIX. A matsayin GK yana kashe jita, a matsayin GUITAR yana kashe sinta, kuma yana wurin da hannun dama ke wucewa. Ɗan guntun tef a kansa ya fi dogon bincike a tsakiyar waƙa.

Sai abu mai muhimmanci da ake mantawa: a cikin kowane facin sinta, kashe NORMAL PU daga abin da ke fita ta OUTPUT. In ba haka ba jitarka za ta isa miksa sau biyu, ɗaya ta sinta, ɗaya ta akwatin ifet, da ɗan bambancin lokaci tsakaninsu. Bambancin milisakan 1 kacal ya isa ya cinye sautin da ke Hz 500 da wasu a samansa. Abin da kunne zai ji shi ne jita siririya mai magana ta hanci, mai miksa ya yi ta murɗa maɓalli ba ta gyaru ba.

Muryar sinta kuma tana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce OUTPUT L da R su tafi miksa kai tsaye ta akwatin DI, ɗan akwatin da ke daidaita sigina don ramin miksa, akwatin ifet shi ma ya tafi da nasa. Wannan yana cin layuka uku ko huɗu a miksa, amma yana ba mai miksa ikon ɗaga jita ya sauke sinta yadda ɗakin ya buƙata. Inda akwai injiniyan da ya san waƙoƙinku kuma akwai layuka, ita ce ta fi. A sa OUTPUT SELECT na sinta a LINE/PHONES.

Ta biyu ita ce a maido da sinta cikin akwatin ifet ta ramukan RETURN, a haɗa muryoyin a ciki, a fitar da waya biyu kacal. A coci ko ɗakin taron da miksa ke da layuka 8 ko 12, mawaƙa da ganguna sun riga sun cinye, wannan ce mafita, kuma mu ita muka fi ba da shawara ga wanda ke yawo wurare daban-daban, domin ma'aunin jita da sinta yana hannunsa. A Helix, ka sa hanya ta biyu ta karɓi sauti daga Return 1/2, ka bar hanya ta farko ga jita, ko ka ajiye tubalin Return a jerin ifet bayan amfilifaya da sifika, kafin dilei mai maimaita sauti da ribab mai ba shi amon ɗaki. A saitin gaba ɗaya ka mayar da waɗannan ramukan matakin Line, don siginar sinta ta fi ta jita ƙarfi. A GT-1000, ka ja tubalin SEND/RETURN zuwa bayan amfilifaya a jerin ifet, ka sa yanayinsa a DIRECT MIX. Idan ka bar shi a NORMAL, zai ɗauka akwai feda a waje, ya tura jita ta SEND inda babu kowa, ya maye gurbinta da abin da ya shigo ta RETURN. Jita ta ɓace ke nan, sinta kaɗai ake ji. Ramukan RETURN biyu ake haɗawa don sitiriyo. GT-100 rami ɗaya gare shi, don haka L/MONO kaɗai za ka ɗauka daga sinta.

Amfanin da ke cikin wannan hanyar, bayan tsimin layuka, shi ne muryoyin biyu suna shan ribab ɗaya. Kashe ribab na sinta, ko ka rage shi sosai. Ribab biyu a jere suna mayar da goge kunu.

Ƙananan akwatuna irin Boss GT-1 da ME-80 ba su da RETURN, ba su da ramin MIDI mai fil 5, wanda ta nan na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni. Abin da suke da shi ɗan ramin AUX IN ne na milimita 3.5, kuma ana iya shigar da sinta ta nan da waya mai kai biyu a gefe ɗaya. Za ta fito tare da jita ba tare da ifet ya taɓa ta ba. Yana yin aiki, sai dai sauya faci ya koma taku biyu.

Wata tambaya da masu son fos, wani nau'in distoshan mai kauri, ke yi: me ya sa fos ɗinsu ya canza hali? Siginar jita da ta bi ta GK-3 ta riga ta ratsa ƙaramin amfilifaya, don haka akwatin ifet ba ya ganin fikof kai tsaye, kuma rage ƙarar jita ba ya wanke fos kamar da. Wanda abin ya dame shi sai ya cire gajeriyar wayar, ya ja wayar jita daban zuwa akwatin ifet, ya ɗaure ta da mai fil 13 kowane kamu biyu. Waya biyu a jikin jita nauyi ne, amma sautin yana dawowa.

Wane ne shugaba

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Akwatin ifet ne ya cancanta, domin ya fi yawan makunnai, ya fi sinta iya aika saƙo. Waya ɗaya ta MIDI: daga MIDI OUT na akwatin ifet zuwa MIDI IN na sinta. Kada ka ƙara ta biyu mai dawowa sai da dalili. Idan kowanne yana aikawa kuma yana maimaita abin da ya karɓa, saƙo ɗaya zai yi ta zagaye, faci ya riƙa tsalle da kansa.

MIDI tana da tashoshi 16. Zaɓi ɗaya ga sinta, a ce ta 2, ka saita PATCH CH nata a kai, ka kunna karɓar PC, ka kashe aikawa. Akwatin ifet ya zauna a tasha ta 1. Saƙon sauya faci, wato PC, lambobi 128 kawai yake ɗauka, alhali GR-55 tana da gurabun faci 297 na mai ita, banki 99 kowanne da 3. Ana tsallake wannan da saƙon zaɓen banki, CC 0 da CC 32 (CC saƙo ne mai lamba da ke ɗaukar ƙima daga 0 zuwa 127), amma akwai hanya mafi sauƙi. Buɗe RX PC MAP a cikin sinta, ka mayar da shi wanda kai ka tsara, ka ce lamba 1 ta kira faci kaza, lamba 2 faci kaza. Wasan dare ɗaya da wuya ya ci facin sinta fiye da 15, lambobi 128 sun yi yawa ma.

A GT-1000 kowane faci yana da gurabu huɗu na PATCH MIDI, inda za ka rubuta tasha da lambar da za a aika duk lokacin da aka kira shi. A Helix wurin shi ne Command Center, inda akwai umarni shida na nan take masu alamar walƙiya. Ɗauki na farko, ka sa shi Bank/Prog, tasha ta 2, da lambar. Sannan ka je saitin gaba ɗaya ka kashe aikawar PC ta atomatik, don kada Helix ya riƙa tura lambar nasa facin a bayan taka.

Idan ka aika 5 sai 6 ta fito, ba abin da ya lalace. Helix yana ƙirga daga 0 zuwa 127, kayan Roland da Boss daga 1 zuwa 128. Rage ɗaya a wajen aikawa.

Yanzu ga inda aikin yake da daɗi. Sauya faci a GR-55 yana katse sauti na ɗan lokaci, kuma idan goge yana cikin jan numfashi, yankewar a fili take. Saboda haka a tsakiyar waƙa ba a sauya faci. Faci ɗaya ake ginawa ga waƙa ɗaya, a riƙa kunna muryoyi da kashe su a cikinsa. GR-55 tana ɗaukar muryoyin PCM biyu a faci guda, kuma tana da gurabun ASSIGN takwas, inda ake ɗaura saƙo kan abin da zai sarrafa, masu karɓar CC daga 1 zuwa 31 da kuma 64 zuwa 95. A ce waƙar tana da baiti na jita zalla, amshi mai goge a bayan jita, da wurin da badujala ke amsa wa mawaƙi. Sa goge a PCM 1, badujala a PCM 2. ASSIGN na farko: CC 80 ya riƙe makunnin PCM 1. Na biyu: CC 81 ya riƙe na PCM 2. A Helix sai ka yi sinafshot uku, wato yanayi uku a cikin faci ɗaya, domin kowane sinafshot yana tuna ƙimar da umarnin nan take zai aika. Na farko ya aika 0 da 0. Na biyu 127 da 0. Na uku 0 da 127, kuma ya rufe hanyar jita. A GT-1000 makunnan CTL ne za su aika waɗannan CC ta ASSIGN nasa.

Lura da yanayin ASSIGN a sinta. Sa shi a MOMENT, ba TOGGLE ba. A MOMENT, 127 kullum kunnawa ne, 0 kullum kashewa. A TOGGLE duk 127 da ya zo juya abin yake yi, kuma saƙo ɗaya da ya ɓata ko ya maimaitu zai sa fitilar ƙafarka ta ce a kunne, sinta ta ce a kashe, har ƙarshen waƙa.

Fedar akwatin ifet ma tana iya aika CC, a ce 11, a ɗaura shi kan ƙarar PCM. Da diddige ƙasa jita ce kaɗai, kana turawa goge yana shigowa a hankali. Idan fedar ɗaya ce kuma kana buƙatarta don ifet ɗin wah-wah, bar fedar GR-55 ta yi wannan aikin. Abu na biyu da ya halatta ka taka a jikin sinta shi ne CTL, idan an sa shi HOLD. Zaɓi nau'in da ke riƙe sautukan da suke ciki ya ƙi karɓar sababbi: ka kaɗa kod ɗaya, ka taka, ogan ya zauna a kai, kai kuma ka yi ta solo da jita a samansa. Don haka a jera akwatunan ta yadda CTL ɗin ba zai yi nisa da ƙafar dama ba.

Idan kana amfani da dilei ko ifet mai bin kiɗa a ɓangarorin biyu, sa akwatin ifet ya aika agogon MIDI, sinta ta karɓa. Taku ɗaya na auna gudun waƙa ya wadatar da su duka.

Ma'aunin ƙara da tsaftar kiɗa

Ajiye maɓallin OUTPUT LEVEL na sinta a tsakiya, ka yi masa alama da farin tef, kada ka sake taɓa shi. Duk gyaran ƙara a cikin faci za a yi. Fiyano yana tashi da kaifi ya mutu da wuri, ogan da goge suna zama daram, don haka ma'auni zai nuna su daidai amma kunne zai ji ogan ya danne komai. Da kunne ake daidaitawa, a ƙarar da za a yi wasan, tare da mai ganga da mai bas. Abin da aka daidaita da dare da abin kunne a ka ba ya tsira a gaban ganguna.

Yanke ƙasan muryoyin shimfiɗa daga Hz 120 zuwa ƙasa, ko 150 idan akwai mai kibod. Wurin mai bas ne. Ga fiyano, ogan da balafon, kunna CHROMATIC domin jan tsirkiya ko rawar yatsa kada ta lanƙwasa sautin, tunda fiyano ba ya lanƙwasa. Ga sarewa, sakso da goge a bar shi a kashe, lanƙwasar ce ransu.

Sautukan banza da ke tsalle ba a gayyace su ba yawanci daga hannu suke. Ɗaga yatsa da sauri yana kaɗa tsirkiya a buɗe, jan yatsa a kan tsirkiya mai naɗi yana ƙara, jita ta saba haɗiye waɗannan, sinta kuwa tana mayar da kowanne ƙaho. Toshe tsirkiyoyin da ba ka kaɗawa da gefen tafin hannu, ɗaura ɗan ƙyalle ko robar gashi a bayan goro, ka ɗaga LOW VELOCITY CUT kaɗan kaɗan har su yi shiru. Idan ka wuce gona da iri, kaɗawa mai taushi ma za ta ɓace. Tsirkiyar da ta yi tsatsa ko firet mai zuza suna rikita tantancewa fiye da kowane saiti. A bar ma'aunin A a Hz 440 a akwatunan biyu, a riƙa gyara tsirkiya da na'urar auna tsirkiya guda ɗaya.

Wuta, gunji da wayar da ke ƙaras-ƙaras

Karanta bayan kowace adafta kafin ka cusa ta. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar 220 zuwa 230, kuma kayan hannu da yawa daga can suke zuwa. Wadda aka rubuta mata 100 zuwa 240 ba ta da matsala. GR-55 tana cin bolt 9 da negatif (−) a tsakiyar fulogi, kuma tana jan wuta fiye da abin da ƙaramar adaftar feda ke bayarwa. Adaftar da ba ta kai ba takan kunna ta, sannan ta mutu ta sake tashi lokacin da aka ɗora mata aiki. Kowane akwati da adaftarsa, kada a raba ɗaya. Inda janareta ne, musamman wanda ke ɗauke da fitilu da manyan sifikoki, ƙaramin UPS ya fi sitabilaiza amfani, domin ƙiftawar wuta ta rabin daƙiƙa tana nufin jiran akwatuna biyu su gama farkawa yayin da jama'a ke kallo.

Gunji mai kauri da ba ya canzawa ko ka rage ƙarar jita, wannan zagayen wayar ƙasa ne, Hz 50 na wutar gari. Yana zuwa idan akwatunan biyu suna haɗe da juna kuma kowanne yana haɗe da miksa. Sa su a soket ɗaya. Idan bai tafi ba, danna makunnin ɗage ƙasa a akwatin DI na sinta. Kada a karya fil ɗin wayar ƙasa na fulogin wuta, shi ne ke tsakanin leɓɓan mawaƙi da wutar da ta ɓalle. Wayar MIDI ba ta kawo wannan gunjin, don a wajen shiga da haske saƙonta ke tsallakawa, ba ta waya ba, amma wayar USB zuwa kwamfuta tana kawo shi, a cire ta kafin wasa. Mai Helix kuma ya gaya wa mai miksa ya kashe wutar bolt 48 a layukan da XLR ɗinsa ke shiga, kamfanin da kansa ya yi gargaɗi a kan haka.

Ƙaras-ƙaras duk lokacin da ka motsa, ko tsirkiya ɗaya ta yi shiru ita kaɗai, wayar mai fil 13 ce. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan, kuma ƙasan siginar ta jikin ƙarfen fulogin yake bi. Fesa maganin wanke mahaɗar lantarki, cusa ka zare sau biyar ko shida, na'ura a kashe. Ba a cusa ta ko zare ta da wuta a kunne. Zagaya ta ta bayan maratayi kafin ta shiga GK-3 domin nauyinta ya sauka a kan maratayin. Tana zuwa da tsawon mita 5 da mita 10, kuma ba a samunta a shagon kayan lantarki na unguwa, don haka ta biyu ta zauna a jaka. Sabon tsarin Serial GK da Boss ta fitar a 2023 tare da GM-800 da fikof GK-5 ya koma waya mai kai irin na jita mai zobe biyu, amma tsofaffin na'urori ba sa jin sa sai da akwatin juyi, GKC-DA, ko GKC-AD idan fikof ɗin ne tsoho.

Wanda ke da sinta irin Boss SY-300, SY-200 ko SY-1 ba ruwansa da duk maganar fikof, wayar jita kawai suke ci. Sharaɗinsu shi ne su sami tsurar jita kafin distoshan. Ajiye tubalin Send a farkon jerin akwatin ifet, ya tura musu, muryarsu ta dawo ta Return bayan sifika, a kashe jitar da ke ratsa su.

A wajen wasa, kunna sinta da akwatin ifet tukuna, sifikoki a ƙarshe, wajen kashewa kuma a fara da sifikoki. Gwada jita ita kaɗai, sinta ita kaɗai, sannan tare. Kaɗa tsirkiyoyi shida ɗaya bayan ɗaya kana kallon ma'aunin GK. Taka facin waƙa ta farko, ta tsakiya da ta ƙarshe, ka tabbata lambar da ke allon sinta tana bi. Nemi a sa maka sinta a sifikar da ke gabanka, domin jinkirin tantancewa idan ya haɗu da jinkirin jin sauti daga bangon ƙarshen ɗaki, hannu yana rikicewa. Sannan ka naɗe wayar jita ta yau da kullum mai mita 5 ka ajiye ta kusa da INPUT na akwatin ifet, tare da faci ɗaya na jita zalla a banki na farko. Idan mai fil 13 ta mutu a tsakiyar wasa, zare gajeriyar waya daga jita, zare wadda ta fito daga GUITAR OUT, cusa wannan a madadinsu, ka taka facin.